Yadda Na Zaɓi Bindigar Harbin Aladun Daji a Texas

Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka kama hayar fili a yammacin Houston, kusa da kogin Brazos, muna kiwon raguna da awaki saboda 'yan'uwa masu neman abin layya da na suna. A gefe guda muka zuba masara da kuɓewa da yakuwa da gyaɗa, domin ƙasar wurin ba ta ƙin komai. Daminar farko lafiya lau. A ta biyu aladun daji suka gano mu. Dare ɗaya suka faɗa wa gyaɗar, da gari ya waye ka rantse garmar shanu aka sa ta bi gonar a karkace. Sun ture kwamin ruwan dabbobi, sun yi birgima a taɓon. Abin da ya fi tayar mana da hankali 'yan awakin da ba su daɗe da faɗowa ba, don alade in ya samu nama ba ya ƙyalewa.

Wanda bai zauna a jihohin kudu na Amurka ba zai ɗauka zuzutawa ake yi. Ma'aikatar noma ta ƙasar ta ƙiyasta aladun daji sun haura miliyan 6 a jihohi aƙalla 35, Texas ce kuma ke da kaso mafi tsoka, wajen miliyan 2.6 a lissafin masanan jami'ar Texas A&M. Gundumomin jihar 254 ne, an same su a 253. Asalinsu aladun gida ne da Sifaniyawa suka shigo da su tun ƙarni na 16 suka ɓalle, sai a shekarun 1930 masu sha'awar farauta suka kawo na dajin Turai, jini ya gauraya. Macen tana ɗaukar ciki wata uku da sati uku da kwana uku, ta zubo biyar ko shida, 'yarta kuma tana iya ɗaukar nata cikin kafin ta cika shekara. Shi ya sa ake cewa sai an kashe kusan biyu bisa uku nasu kowace shekara kafin ma yawansu ya tsaya wuri ɗaya. Hukuma ta sakar wa mutane mara: babu lokacin farautarsu, babu iyakar adadi, dare da rana duk ɗaya ne, kuma tun 1 ga Satumba 2019 ko lasisin farauta ba a buƙata in a filin wani ne da yardarsa.

Mai filin namu dattijo ne Bature, tsohon makiyayin shanu, ya ba saba'in baya. Ya tsaya ya kalli gonar, ya ce shi ƙafarsa ta daina kai shi bakin kogi da dare, in muna son gyaɗarmu ɗayanmu ya nemi bindiga. Abin ya faɗo kaina saboda ni na fi kusa da gonar, kuma a gidan kawuna maharbi na tashi.

Kafin in taka shago sai da na bi ta wurin mutum biyu. Bayan sallar Juma'a na tsayar da limaminmu na ce, "Allah gafarta Malam, ga halin da muke ciki." Ya ce abin da ke ɓata amfanin gona ana kashe shi, ba zan ci ba, ba zan sayar ba. Sannan ya ƙara da maganar da ta zame mini ma'auni a duk cinikin da ya biyo baya: "An umarce mu in za mu kashe, mu kyautata kisan. Ko alade ne, kada ka harbe shi ya shiga daji yana jan hanji kwana da kwanaki." Ta biyun uwargida ce, nata sharaɗin gajere: "Abban yara, in za ta kwana a gidan nan, sai cikin akwatin ƙarfe mai makulli, harsashi kuma a wani wuri daban." Doka ma tana bayanta, don a Texas laifi ne ka bar bindiga ɗure inda yaron da bai kai shekara 17 ba zai kai hannu.

Dala dubu ɗaya muka ware, ta ɗauki komai da komai, har akwatin.

Masu bin aladu da gaske a nan yawancinsu AR-15 ko AR-10 suke riƙewa, irin masu ɗura wa kansu harsashi, da madubin da ke hango zafin jikin dabba cikin duhu. Gaskiya in garke ya fito fili su ke cin kasuwa, kafin aladu su watse mutum ya kayar da uku ko huɗu. Bindiga mai sakata kuwa, wadda ake ɗura wa harsashi da hannu, sai ka harba, ka ɗaga mariƙin, ka ja baya kwanso ya yi tsalle waje, ka tura gaba sabon harsashi ya hau, ka danne. Kafin ka gama wannan hidima garken ya shige sarƙaƙiya. Duk da haka ita na nufa. Madubin daren nan shi kaɗai ya fi ƙarfin kuɗin da ke hannuna. Mai sakata ba ta da tarkace da yawa, ɗan koyo yana ganin abin da ke cikinta da idonsa, in ka zare sakatar ka sa a aljihu ta koma sanda. Akwai kuma dalilin da ban faɗa wa mai shago ba. Ni baƙar fata ne, Musulmi, ina bin hanyoyin ƙauye da duku-duku, ban ga amfanin ajiye abin da ya yi kama da na soja a bayan mota ba, ko da doka ta yarda. Wanda kuma yake kwana yana tashi da labarin Zamfara da Katsina a waya, wannan siffar ba ta yi masa daɗin gani.

A nan harsashi ake fara zaɓa, bindiga ta biyo baya, kuma a wurin nan na fi daɗewa. Ƙaramin cikinsu .223 ne, ga arha, ba ya shuri, mutane da yawa suna kayar da alade da shi in sun same shi a bayan kunne. Matsalar ita ce ƙaton namiji yana da wata garkuwa mai tauri a kan kafaɗa, wadda ke kare shi daga hauren 'yan'uwansa lokacin faɗa, kaurinta kan kai inci ɗaya ko fiye, ga busasshen taɓo a samanta. Ƙwararre zai iya kauce mata. Ni da na san da almuru zan yi harbi, hannu yana rawa, ina son abin da zai ratsa ta ya wuce. Na duba 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, samari suna rububinsa saboda ba ya dukan kafaɗa sosai kuma yana tafiya nesa a miƙe. Sai dai nisan da yake burge mutane da shi ba ni da shi, daga inda zan zauna zuwa bakin kurmi bai kai yadi ɗari ba. Akwai tsofaffin hannu, .30-06 na 1906 da .270 na 1925, duka suna aiki, amma dogaye ne, bindigarsu kan fi tsawo. Har 7.62x39 na AK-47 ya so ya ja ni, tunda Ruger tana yin wata gajeriyar mai sakata da ke cinsa. To tun da Amurka ta toshe shigo da harsashin Rasha a 2021 arhar da aka san shi da ita ta ja baya, kuma irinsa na farauta ba a kowane shago ake samu ba.

Dattijon ne ya yanke mini. Ya ce in na tsaya shan mai a ƙauyukan hanya in leƙa shagunan kayan gona, in ga wane harsashi ne ba ya yankewa a kanta. Ko'ina na leƙa akwai .308 Winchester. Tun 1952 yake kasuwa, kuma kusan tagwaye suke da 7.62x51 na NATO, wanda G3 ɗin da muka saba gani a hannun jami'an tsaro a gida take ci. Kansa mai nauyin giren 150, wato kusan giram 10, yana barin bututu da gudun mita 850 ko kusa da haka a daƙiƙa. Kwalin guda ashirin na farauta a lokacin tsakanin dala 25 zuwa 35 yake. Yana shuri, amma ba irin wanda zai sa ka riƙa runtse ido kafin ka ja kunama ba.

Ranar da na shiga shago da niyyar saye, na roƙi mai kanta ya jera mini duk .308 ɗin da ba su wuce dala 600 ba. Ya ajiye Savage Axis II, wadda ta fi sauran sauƙin kuɗi kuma kunamarta tana da ɗan harshe a tsakiya da ke hana ta tashi da kanta. Ya ajiye Mossberg Patriot mai ƙotar katako, ita ce ta fi kyau a ido, in da ado nake nema da ita zan tafi. Ga Howa 1500 ta Japan, mai nauyi, ƙarfe zalla, kana ɗagawa ka san ka riƙe abu. Ga Ruger American iri biyu. Sai ya ɗauko Tikka T3x ta Finland ya ce in ja sakatarta kawai in ji. Na ja, ta zame sumul ba ko gargada, na tambayi kuɗi, na mayar masa da abarsa cikin mutunci.

Mutumin ya san aikinsa, bai yi mini surutun talla ba. Kowacce ya ɗauko sai ya buɗe sakata ya leƙa ya nuna mini babu komai kafin ya miƙo. Ya ce in rufe ido, in kai ta kafaɗa kamar alade ya fito, sannan in buɗe. Wadda idona ya faɗa daidai kan bututunta ba tare da na miƙa wuya ko na maƙale ba, ita ce tawa. Ya ce in ja sakata bindiga tana kafaɗa, kada in sauke ta in kalla. Sannan ya zaro takardar dala ɗaya daga aljihu, ya naɗa ta a ƙarƙashin bututu, ya ja ta baya tsakanin bututu da ƙota har gindi. In ta wuce salin-alin, bututun ba ya taɓa ƙota, zai yi rawarsa iri ɗaya a kowane harbi, harsasai su taru wuri guda. Akwai wata mai arha ƙwarai, ba cikin waɗanda na lissafa ba, da na matse gaban ƙotarta ta roba da hannu sai ta lanƙwasa ta kama takardar. Na ture ta gefe.

Ruger American Predator na ɗauka, mai bututu inci 18 da ƙota koriya. Gajartarta ta yi mini, don zan riƙa fita da ita daga mota da hawa tsani da ita. Nauyinta bai kai kilo uku ba kafin a ɗora madubin hange. Mariƙin sakatar digiri 70 yake ɗagawa maimakon 90, yatsa ba ya gogar madubi. Makullinta, wato abin da ke hana ta tashi, yana bayan sakata daidai inda babban yatsa ke kwanciya, ko cikin duhu ba sai ka laluba ba. Ana iya sassauta kunamar ko a ƙara mata tauri, kuma ta zo da dogon ƙarfen da ake ɗaura madubi a kai, an rage mini sayen wannan. Gajeren bututu yana da nasa haraji, ƙara ta fi yawa, da dare wuta tana fita a baki, rashin nauyi kuma yana ƙara shuri. Na ji na gani na karɓa. Da harajin saye na kashi 8.25 cikin ɗari ta tashi ɗari biyar da 'yan kai.

Ana cewa araha ba ta ado. A kan bindigogin farauta na yanzu maganar ta fara tsufa, domin injinan da kwamfuta ke sarrafawa suna yanka ƙarfen mai arha daidai yadda suke yanka na mai tsada, abin da ake rage maka shi ne ƙyalli da santsi da katako. A kan madubi kuwa karin maganar tana nan daram. Kamfanoni da yawa suna sayar da bindiga haɗe da madubi a farashin da ke jan ido, na kuma yi wa dattijon zancen. Bai ce komai ba sai da rana ta faɗi. Ya fito da bindigoginsa biyu, ya zare sakatunsu, ya ɗora su a kan bayan mota, ya ce in nemo masa baƙin bokitin da ke gindin bishiya a bakin kurmi. A madubin farko duhu na gani mai ɗan duhu a tsakiya. A na biyun na ga bokitin, na ga mariƙinsa, har igiyar da ke ɗaure a jiki. Alade baƙi ne, lokacin fitarsa kuma ke nan. Na ware dala ɗari biyu na sayi madubin Vortex mai lamba 3-9x40, wanda kamfanin ke gyarawa ko musanyawa muddin yana hannunka. A kan ƙara girma ninki uku ko huɗu nake barinsa, don in ka ƙure girman a kusa gashi kawai za ka gani, ba ka san ta ina dabbar ta fuskanta ba.

Takardu ba su ɗauki lokaci ba. Ana cike fom mai lamba 4473, ka ba da lasisin tuƙi, mai takardar zama ta dindindin irina ya rubuta lambarta, mai shago ya tura wa FBI. Amsa uku ce, a ba shi, a dakata, ko a hana. Tawa ta dawo kafin in gama zaɓen majanyin rataya. Wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara hukuncinsa daban ne, an hana shi sai da wasu sharuɗɗa, kada ya ɗauki labarina ya nufi shago. Na kuma yi kwas ɗin tarbiyyar farauta da jihar ta wajabta wa duk maharbin da aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau.

A filin gwajin harbi na ga wani amfanin mai sakata da ban yi tunaninsa ba. Ka kafa ta a kan buhunan yashi, ka zare sakatar, ka leƙa ta cikin bututu har ka ga tsakiyar takarda a yadi 25, sannan ka murɗa madubi har gicciyensa ya hau wurin, ba tare da ka motsa bindigar ba. Ba ka ƙona harsashi ko ɗaya ba amma ka riga ka hau takarda. Daga nan a koma yadi ɗari, a harba uku-uku, a duba inda suka taru. Kowane ƙas na abin murɗa madubi yana gusar da harsashi rubu'in inci a wannan nisa. Siririn bututu yana saurin zafi, in ya yi zafi harsasai su fara watsewa, dole ka buɗe sakata ka zauna ka sha ruwa. Na gwada harsasan kamfanoni daban-daban masu nauyi ɗaya, abin mamaki kowanne da inda yake faɗawa. Wanda ya fi taruwa shi ne mai sauƙin kuɗin cikinsu, mai dalma a buɗe a tsini, ukunsa tafin yaro zai rufe su. Irinsa ake so, don yana buɗewa a cikin nama. Mai rufaffen kai irin na soja ratsawa yake ya bar ƙaramar kafa, dabba ta gudu da ciwo. Duk canjin da ya rage harsashin gwaji na saya da shi, na riƙa harbi a zaune da durƙushe da jingine da sanda, tunda babu tebur a bakin kogi.

Na tura wa Kawu hotonta. Ya kira ni yana dariya, ya ce, "Ɗana, wannan ai ta 'yan gayu ce. Nawa take ci?" Na ce huɗu, Kawu. Shi da bindigar toka ya yi zamaninsa, ɗuri ɗaya, in ka kuskure gadu sai ka nemi bishiya. Bai tsaya kan bindigar ba, iska ya tambaye ni. Ya ce dangin alade idonsu ba kome ba ne, hanci ne makaminsu, in ƙulla toka a tsumma in riƙa kaɗawa, inda ta nufa can warina ya nufa. A shagunan nan ana sayar da farin gari a 'yar kwalba don wannan aikin. Tokar gasa nama na ƙulla.

Wurin harbi ma sai da na sake koyo. Zuciyar alade tana ƙasa, can gaba tsakanin ƙafafu, wanda ya saba da barewa ya harbi bayan kafaɗa, tumbi zai samu. Ana bin ƙafar gaba a miƙe a hau kamar sulusin jiki. Daren da suka fara fito mini ina kan wata 'yar rumfa mai tsani, na yi magariba a ƙasa na hau, iska tana bugun fuskata. Gurnani na fara ji da karyewar kara, sannan ƙanana suka ɓullo, manya a baya. Na bar wani namiji na zaɓi babbar mace, don ita ce mai cika daji. Tana kamar yadi sittin, ta ba ni gefe. Na tura makulli, na saki rabin numfashi, na matsa kunama a hankali. Da madubi ya dawo daga shuri tana kwance inda take. Na ja sakata, harsashi na biyu ya hau, amma sauran sun nufi ɓangaren shanun maƙwabci, harsashin nan kuwa yana iya cin kilomita uku ko fiye in bai samu abin da ya tare shi ba. Na mayar da makulli.

Gawar da safar hannu ake taɓa ta, saboda suna ɗauke da cutar burusela mai kama mutum, karnuka kuma a ɗaure, don akwai wata cutar a jikinsu da ke kashe kare. Doka ba ta lissafa su cikin namun dajin da aka hana a bar namansu ba. Wani ma'aikacin dattijon ya yanki cinyoyin ya tafi da su, wannan tsakaninsa da cikinsa, saura aka ja da tarakta zuwa rami, ungulaye suka ƙarasa.

Aladu suna da wayo. Bayan an kayar da 'yan kaɗan sai suka daina fitowa da almuru, suka koma tsakar dare, wani lokaci su ɓace sati biyu suna gonar maƙwabta. Muka zagaye gyaɗar da wayar lantarki, dattijon kuma da maƙwabtansa suka haɗa kuɗin babban tarko na shinge mai kyamara, wanda ake sakin ƙofarsa ta waya in garken duka ya shiga, mu ma muka ba da namu kason. Shi ke kwashe goma sha a dare ɗaya, kuma a cikin tarko ƙaramar .22 ta dattijon ake amfani da ita, tawa ta yi girma. Manyan mazan da ke yawo su kaɗai ba su cika shiga tarko ba, su aka bar mini. Akwai wani mai yagaggen kunne da kyamara ke ɗauka wajen ƙarfe uku na dare yana zagaya shingen yana shinshina ƙofar. Madubina ba ya gani a wannan lokaci, don haka na yi odar koriyar fitila mai ɗaurawa a kansa, wadda aka ce ba ta cika firgita su ba, in ta iso sai in koma filin gwaji in ga ko nauyinta ya gusar mini da saiti.